Jarrabawar RDM ta waya: yadda wani malami a arewacin Kamaru ya gwada ɗalibansa lokacin kulle

Kafin Maris 2020: darasin da yadda ake gwada shi

Malamin da wannan bayani ya shafa yana koyar da 'yan shekara ta biyu a wata makarantar injiniya da ke arewacin Kamaru. Darasinsa shi ne ilimin juriyar kayan gini da na ƙira, wanda ɗalibai ba sa kiransa da komai sai RDM, gajartar sunansa na Faransanci. A shekarar ina cikin masu taya shi gyaran takardu, don haka abin da zan kawo ko dai na gani da idona, ko na ji daga bakinsa.

RDM shi ne darasin da ke amsa tambayar da kowane magini yake yi ko bai shiga aji ba: wannan ƙarfen, ko katakon, ko kankaren, zai ɗauki nauyin nan kuwa? Idan zai ɗauka, zai lotsa da yawa? Maginan gargajiya da ke rufin soro da azara sun san iyakar tazarar da azara ɗaya za ta haye kafin ta yi ciki, shi ya sa in ɗaki ya yi faɗi suke kafa ginshiƙi ko su ɗaure baka. Abin da suka sani da gogewa, shi ɗalibi ke koyon fitarwa da lissafi. Rodi mai kaurin milimita 12 faɗin bakinsa murabba'in milimita 113 ne. In aka ja shi da ƙarfin kiloniyuton 20, matsin da ke cikinsa, wato ƙarfin in an raba shi da faɗin bakin, ya kai megafaskal 177. Daga irin wannan ake farawa, a wuce zuwa bim (ƙarfe, katako ko kankaren da ake gittawa ya ɗauki nauyi) mai lanƙwasa, sandar inji mai murɗawa, da dogon ginshiƙi mai tanƙwarewa.

A sashensu ana ba da maki a kan 20, ana cin darasi da 10. Gwajin tsakiyar zango yana da kashi 30 cikin ɗari, babbar jarrabawa kashi 70. Duka a zaure ake yi, awa biyu, da biro da rula da kalkuleta. Mai gyara yana bin takarda layi-layi: ya ga zanen bim da kibiyoyin nauyi, ya ga yadda aka raba nauyin a kan madogarai, ya ga zanen ƙarfin yanka da na lanƙwasa. Amsar ƙarshe maki ɗaya ko biyu kawai take ci. Malam ya kan tuna wa aji cewa Galileo, a 1638, ya lissafa ƙarfin bim ɗin da aka kafe gefe ɗaya a bango, ya fitar da amsa tsaf, amma ta ninka ta gaskiya sau uku, domin ya kuskure yadda ja da dannawa suke rabuwa a cikin bim ɗin.

Ajin na ɗalibai 120 ne, kuma akwai 'yan Chadi da dama a ciki, kamar yadda aka saba a manyan makarantun arewa.

Maris: an rufe, aji ya watse

An tabbatar da mutum na farko mai cutar korona a Kamaru ranar 6 ga Maris 2020. Ranar 17 ga wata Firaminista Joseph Dion Ngute ya sanar da rufe makarantu da jami'o'i da iyakokin ƙasa, abin da ya fara aiki washegari. Cikin 'yan kwanaki ɗakunan haya na ɗalibai suka zama kango. Wasu suna Marwa, Garwa ko Ngaundere, wasu sun nufi Mokolo, Yagwa da Kusiri, 'yan Chadi kuma duk wanda ya samu hanya ya tsallake kogin Logon.

Karatu ya koma WhatsApp. Malam yana rubuta darasi da hannu, ya ɗauki hoto, ya bi da saƙon murya, delege, wato wakilin aji, ya tura wa kowa. Wannan ya tafi ba laifi. Gwajin tsakiyar zango ne ya tsaya a wuya, domin sashe ya ce a kawo maki kafin a dawo.

Delege ya bi ɗalibai ɗaya bayan ɗaya yana tambayar abin da ke hannunsu. Ya tarar akasarinsu waya ce kawai, masu kwamfuta ba su kai rabi ba, wasu kuma wayar ma ta yaya ce ko ta kawu, sai mai ita ya dawo daga kasuwa. Ga batun wuta. A lokacin jihohin arewa uku sun dogara ne ga madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai, mai megawat 72, kuma Afrilu da Mayu su ne lokacin da ruwanta ya fi ja baya, su ne kuma lokacin da zafi ke wuce digiri 40.

Afrilu: gwajin farko, zaɓi ɗaya cikin huɗu

Malam ya fara da abin da ya fi sauƙin shiryawa: tambayoyi 20 a fom ɗin intanet, kowace da amsoshi huɗu, minti 60, na'ura ta yi gyara da kanta. An buɗe da ƙarfe tara na safe.

Kafin tara da rabi saƙonni sun cika wayar delege. Wannan fom ya ƙi buɗewa. Wancan ya kai tambaya ta 14 rezo, wato sabis na waya, ya ɗauke, da ya dawo sai ya tarar komai ya goge. Hotunan bim da ke cikin tambayoyin su ne suka fi ƙin saukowa, tambayar RDM kuwa in babu zane ba ta da ma'ana. Wajen kashi ɗaya cikin biyar na ajin ba su iya turawa ba sam.

Waɗanda suka tura kuma makinsu ya ba da mamaki. Ajin da a zaure ya kan taru tsakanin 8 da 12, sai ga shi ya taru tsakanin 16 da 18. Da muka jera amsoshin a tebur, sai muka ga mutum talatin da wani abu sun faɗi tambayoyi biyu iri ɗaya, da kuskure iri ɗaya. Daga baya wani ya nuna mana saƙon da ya zagaya a wani zauren WhatsApp da babu malami a ciki: 1B, 2D, 3A, har zuwa 20. Layi ɗaya ne, ko rezon ƙauye zai ɗauke shi.

Ko da babu wannan, akwai matsalar da Malam ya lura da ita tun yana tsara tambayoyin. Ɗalibin da ya yi zane daidai, ya bi hanya daidai, ya manta bai mayar da santimita zuwa milimita ba, sifiri zai samu, daidai da wanda bai taɓa buɗe littafi ba. Wanda ya yi canki-canka kuma lissafi ya ba shi maki 5 a kyauta. An soke gwajin.

Farkon Mayu: gwaji na biyu, ido a kyamara

Tunda satar amsa ce ta fi fitowa fili, sai aka nufi tsaro. Shawarar ita ce kowa ya zauna gaban kyamara a Zoom, ya rubuta a takarda ana kallonsa, ya ɗauki hoto ya turo cikin minti 10 bayan an ce a ajiye biro. Zoom na kyauta a lokacin mutum 100 yake ɗauka, kuma yana yankewa bayan minti 40, don haka aka raba ajin gida huɗu, kowane da mai sa ido, aka ce in ya yanke a sake shiga. Ana cikin azumi, wanda ya kama a makon ƙarshe na Afrilu, shi ya sa aka sa shi da sassafe.

Abin da ba a yi tunani ba shi ne aikin da aka ɗora wa waya ɗaya. Ita ce kyamarar tsaro, ita ce takardar tambaya, ga wasu ita ce kalkuleta, kuma ita za ta ɗauki hoton amsa. Da ɗalibi ya fita daga Zoom don ya sake duba zane, hotonsa sai ya tsaya, mai sa ido ya rubuta sunansa. Bidiyo yana shan data da caji yadda saƙon rubutu ba ya yi. Wasu datar da suka saya ta ƙare kafin rabin lokaci, wasu wayar ta yi zafi ta mutu. Wata ɗaliba ta jingina wayar da tukunya a tsakar gida saboda nan ne kawai rezo ke kamawa, ƙannenta suna wucewa ta baya, mai sa ido yana ta tambayar su wane ne. A rukunin da na tsare, fuskokin da nake gani a lokaci guda ba su taɓa wuce rabi ba, kuma ko waɗanda nake gani, daga wuya zuwa sama ne. Abin da ke kan tabarma gefen gwiwarsu ban sani ba.

Minti goman turawa ya zama nasa tashin hankali. Hotuna huɗu ko biyar masu nauyi, kowa a lokaci guda. Wasu sun iso bayan awa biyu, kuma babu yadda za a bambance wanda rezo ya riƙe da wanda ya ci gaba da rubutu. Wannan ma ba a ɗauki makinsa ba, sai dai takardun da suka iso sun amfane mu ta wata fuska: a karon farko tun Maris mun ga zanen ɗalibai, mun ga inda suke tuntuɓe. Da yawa suna zana ƙarfin lanƙwasa da miƙaƙƙen layi a ƙarƙashin nauyin da ya bazu, alhali lanƙwasasshe ya kamata ya zama.

Bayan ƙaramar Sallah: gwaji na uku

Malam ya ɗauki kusan mako biyu yana sake tsari. Ya ce mana ya daina neman hanyar ganin ɗalibi yana rubutu. Yanzu yana neman tambayar da amsar wani ba za ta yi wa wani amfani ba, da tsarin da ba ya bukatar intanet sai na 'yan mintoci. Ga yadda ya kasance.

Tambaya ɗaya ce ga kowa, amma alƙaluman daga lambar rajistar ɗalibi suke fitowa. Bim ne a kan madogarai biyu, da nauyi shimfiɗe a kansa. A ɗauki lambobi biyu na ƙarshen rajista: tsawon bim shi ne mita 3, a ƙara 0.2 sau lamba ta farko. Nauyin kowace mita shi ne kiloniyuton 8, a ƙara lamba ta biyu. Mai rajistar da ta ƙare da 52 yana da bim na mita 4 da nauyin kiloniyuton 10 a kowace mita: kowace madogara ta ɗauki 20, ƙarfin lanƙwasa a tsakiya ya zama kiloniyuton-mita 20, wato nauyi sau tsawo sau tsawo a raba takwas. Abokinsa mai 47 yana da mita 3.8 da kiloniyuton 15: madogara 28.5, lanƙwasa 27.1. Wannan ya ba da tambaya iri ɗari. Waɗanda lambobinsu suka zo ɗaya aka canza musu girman bakin bim. Malam ya zuba duka a Excel, amsar kowa ta fito a gaban sunansa, don gyara ya yi sauri.

Takardar tambaya an tura ta kwana biyu kafin ranar, a fayil ƙarami mai kulle. Kowa ya sauke a lokacin da ya samu rezo, ko da tsakar dare ne. Ranar gwaji da ƙarfe takwas aka aika kalmar buɗewa ta saƙon tes, wanda ke shiga ko a ƙaramar waya mai maɓalli.

An ba da minti 90, kuma an halatta buɗe littafi. Kafin lokaci ya cika, dole ɗalibi ya aiko da alƙaluma uku ta tes: nauyin madogara, ƙarfin lanƙwasa mafi girma, da matsin ciki mafi girma. Wannan saƙon shi ne ajiye biro. Hotunan takardu kuwa an ba su har ƙarfe shida na yamma, da sharaɗin kowane shafi ya ɗauki suna da lambar rajista da hannu, kuma abin da ke takarda ya kai ga alƙaluman da aka riga aka aiko. Wanda ya gyara aikinsa da rana, takardarsa za ta saɓa wa saƙonsa na safe.

Sai kira. Kowane ɗalibi minti biyar a waya, kira na yau da kullum ba na intanet ba, takardarsa tana gaban mai kiran. Mutum 120 sau minti biyar awa goma ke nan, ban da waɗanda ba a samu ba sai an sake nema. Mu uku muka raba, ya ci mana kwana huɗu. Makin ya kasu haka: zanen bim da nauyi 4, lissafin madogarai 3, zanen yanka da lanƙwasa 5, matsin ciki 4, kira 4.

Tambayoyin kiran gajeru ne, kuma ba a bukatar kalkuleta. Bim ɗinka faɗi santimita 20, kauri 40. In magini ya kwantar da shi ta gefen faɗi, me zai faru da matsin ciki? Amsa: ya ninka biyu, ga mai lamba 52 daga megafaskal 3.75 zuwa 7.5. In aka ninka tazarar madogarai, nauyin kowace mita bai canza ba, lotsawa sau nawa za ta ƙaru? Sau 16. Ginshiƙi siriri in aka ninka tsawonsa, nauyin da zai tanƙwara shi ya koma nawa? Kashi ɗaya cikin huɗu. Wadda Malam ya fi so ita ce ta baranda: kankaren da ya fito daga bango babu ginshiƙi a bakinsa, rodi sama ake sa shi ko ƙasa? Sama, domin nan ne ake ja, kankare kuwa dannawa yake jurewa, ba ja ba. Na ji wani ya ce, "Malam, a ƙasa, haka na ga ana yi a unguwarmu." Malam ya ce masa, "To ɗana, kada ka tsaya ƙarƙashinta," ya rage masa maki biyu.

A wannan karon mutum 113 suka aiko da tes cikin lokaci. Bakwai ɗin da suka rage, biyar sun kawo uzurin da aka karɓa aka sake musu rana da wasu alƙaluma, biyu ba a ji ɗuriyarsu ba. Maki ya bazu daga 4 zuwa 17.

Haɗin baki bai ƙare ba, salo ya canza. Mun samu takardu tara masu tsari ɗaya, jeri ɗaya, har da kibiyar da aka zana a karkace a wuri ɗaya, kowa ya zuba alƙalumansa. A cikinsu biyu sun manta sun kwafo tsawon bim ɗin mai asalin takardar a layi na uku. A waya, shida daga cikin taran ba su iya faɗin dalilin da ya sa suka raba da takwas ba. Aka ba su sifiri a kira, aka rage rabin makin zane. Sauran ukun sun amsa komai. Ko dai su ne tushen, ko sun fahimci abin da suka kwafa, kuma Malam ya bar musu makinsu.

Yuni zuwa Agusta: an dawo, ban da 'yan ƙetare

Jami'o'in Kamaru sun sake buɗewa ranar 1 ga Yuni, da takunkumi da tazara, kuma babbar jarrabawa a zaure aka yi ta. Wannan ya ba mu ma'auni. Da muka jera makin gwaji na uku da na zaure, akasarin ɗalibai bambancinsu bai wuce maki biyu ko uku ba. Mutum huɗu sun faɗo ƙasa sosai, daga 14 ko 15 zuwa ƙasa da 7. Ɗaya daga cikinsu ya amsa wa delege cewa yayansa, wanda ya gama makarantar, shi ya yi lissafin yana faɗa masa, ya kuma zauna kusa da shi lokacin kira.

Iyakar ƙasa ba ta buɗe tare da makarantu ba, don haka wasu 'yan Chadi suka maƙale a gida. Su aka yi wa jarrabawar cike giɓi da tsarin nan na uku, da tambaya biyu maimakon ɗaya, aka ƙara kira zuwa minti goma. Sai wata sabuwa ta taso: daga ƙarshen Yuli hukumomin Chadi suka rage ƙarfin intanet, WhatsApp ya daina tafiya yadda aka saba. Fayil mai kulle sai ta imel aka tura, hotuna ma haka, aka ba su kwana biyu maimakon yini. Tes da kira ba su tsaya ba, sai dai kuɗin kiran ƙetare daga aljihun Malam ya fita.

Abin da ya yi aiki, da dalili

A ganina gwaji biyu na farko sun faɗi ne don an ɗauko zaure ana son cusa shi cikin waya. Na farko ya jefar da abin da RDM ke aunawa, wato hanya, ya riƙe amsar ƙarshe, wadda ita ce mafi sauƙin sata. Na biyu ya riƙe hanya, amma ya jingina komai a kan intanet mai tafiya awa biyu ba yankewa, abin da ɗan birni mai kwamfuta da wutar sola ke da shi, ɗan ƙauye ba shi da shi. Da an ɗauki makin wannan rana, da rezo aka auna.

Na uku ya tsaya ne a kan ƙafa uku, kuma babu wadda za ta isa ita kaɗai. Alƙaluman rajista sun kashe saƙon "1B, 2D", amma ba su hana kwafar tsari ba. Tes ya raba lokacin rubutu da lokacin turawa, wanda shi ne ya cire zalunci ga masu raunin rezo. Kira shi ne ya kama masu kwafa, duk da maki 4 kawai yake da shi. Na fi zaton sanin cewa za a kira ya sa da yawa suka zauna suka fahimci abin da suka rubuta. RDM kuma ya dace da wannan tsari fiye da darussa da yawa, domin canza lamba ɗaya yana canza kowane layi har ƙasa, kuma tambaya ta minti ɗaya tana isa a gane ko mutum ya san inda bim ke jan jiki.

Akwai abin da bai warware ba. Yaya mai zama a gefe ya wuce mu sau ɗaya da muka sani, kuma ba don jarrabawar zaure ba da ba mu sani ba. Aikin ya ninka wa malamai, ajin da ya kai ɗari huɗu ba zai kiru ɗaya-ɗaya ba. Aikin ɗakin gwaji kuwa, inda ake ɗaura sandar ƙarfe a inji a ja ta har ta sirance ta tsinke ɗalibi yana kallon allura, babu wayar da ta maye shi; sai da aka dawo aka yi shi rukuni-rukuni.

A shekarar karatu ta gaba Malam ya mayar da duk jarrabawa zaure kamar da. Alƙaluman rajista kuwa ya bar su a duk aikin gida, ya kuma riƙe kiran, sai dai yanzu mutum ashirin yake zaɓa da ƙuri'a bayan kowane aiki, su zo ofis da takardarsu a hannu.